Ɗana ya faɗo daga na ɗaya zuwa na 27: mu cire shi daga makarantar ko mu bar shi?

Assalamu alaikum, Anti. Ina rubuto miki ne daga Tumfure a Gombe game da ɗana na fari, mai shekara 15, wanda yake gab da kammala aji ɗaya na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi da ta yi suna a fannin kimiyya. Tun daga firamare har ya gama ƙaramar sakandare a makarantar unguwarmu bai taɓa wuce na uku ba, sau da yawa ma shi ne na ɗaya, kuma da ƙoƙarinsa ya ci jarrabawar shiga wannan makaranta. Amma tun da ya shiga abin ya juye. A zangon farko ya zo na 22, a na biyu ya zo na 27 cikin ɗalibai 34, da maki 66 a Bayoloji, 63 a Turanci, 58 a Kemistiri, 51 a Fiziks, 48 a Lissafi. A makarantar duk wanda bai kai 60 ba ya faɗi, ana kiran sunayen na ƙarshe a taron safe gaban kowa, kuma an ce wanda bai haye ba zai maimaita aji ko a sallame shi. Mahaifinsa, wanda burinsa yaron ya zama likita kuma da ƙyar yake haɗa kuɗin makarantar, ya karɓe wayarsa, ya hana shi ƙwallo, ya ɗauko masa malamin lesin bayan Islamiyya. Yanzu ba ya kwanciya sai ƙarfe ɗaya na dare, ya rame, kullum yana kukan ciwon kai, kuma rannan na ji yana gaya wa ƙanwarsa cewa shi daƙiƙi ne, kuɗin Abba kawai yake ɓatawa. Ni ina ganin a mayar da shi tsohuwar makarantarsa, mahaifinsa kuma ya ce ragwanci ne kawai. Don Allah ki ba ni shawara.

Maman yara, Tumfure, Gombe

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya sanya wa karatunsa albarka, ya kuma saka wa mahaifinsa da alheri bisa ɗawainiyar da yake yi. Shawarata ita ce kada ku cire shi a wannan hutun cikin tausayi ko fushi, kada kuma ku mayar da shi a watan Satumba a kan tsarin da yake kai yanzu, domin ke da maigidanki kuna jayayya ne a kan maki 48 alhali babu ɗayanku da ya san abin da makin yake aunawa. Shi ya ɗauke shi ragwanci, ke kin ɗauke shi ƙetar makaranta, yaron kuwa ya ɗauke shi hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa, kuma fahimtar yaron ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarki.

Mu fara da makin kansa. A ma'aunin da aka san jarrabawar WAEC da shi, kiredit yana farawa daga maki 50, wato C6, sai C5 daga 55, C4 daga 60, B3 daga 65, B2 daga 70, sannan A1 daga 75 zuwa sama. Abin da ya faɗa tsakanin 45 da 49 shi ne D7, tsakanin 40 da 44 kuma E8, ba a kiran yaro ya faɗi warwas da F9 sai ya gaza kai 40. Idan kika ɗora sakamakon ɗanki a kan wannan ma'auni za ki ga Bayoloji B3 ne, Turanci C4, Kemistiri C5, Fiziks C6, Lissafi ne kaɗai ya rage masa maki 2 ya kai kiredit. Yaron da makarantarsa ta ce ya faɗi darussa uku, a ma'aunin da za a yi masa hukunci da shi a ƙarshe darasi ɗaya ya rage masa. Wannan sakamako bai isa ba ga mai neman likitanci, kuma tambayoyin makaranta suna iya fin na WAEC zafi ko sauƙi, don haka kwatancin nan bai kai hujja ba. Amma ya isa ya nuna miki cewa iyakar 60 ɗin nan makarantar ce ta kafa ta don dalilan kanta, kuma yaron da yake ƙasa da ita kaɗan bai cancanci sunan da ya ba kansa ba.

Haka kuma Jami'ar Jihar Gombe, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, babu wadda za ta tambayi ɗanki na nawa ya zo a aji ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci da Lissafi, da makin JAMB wadda ake yi a kwamfuta a darussa huɗu a kan maki 400, sai tantancewar da kowace jami'a take yi wa masu nemanta. Ta hanya ɗaya ce makin makaranta yake bin yaro zuwa waje, wato makin gwaje-gwajen cikin aji da makarantu suke tura wa hukumomin jarrabawa, kuma zan dawo kan wannan idan na zo maganar ganawa da malamai.

Game da matsayi na 27, ki tuna irin ajin da yake ciki. An yi jarrabawar shiga, an tace, an ɗebo yaran da suke zuwa na ɗaya da na biyu a makarantu daban-daban na cikin Gombe, wataƙila har da na Kumo da Dukku da Billiri da Bajoga, aka haɗa su a ɗaki guda. A irin wannan ɗaki tilas wani ya zo na 27, tilas wani ya zo na 34, ko da dukkansu haziƙai ne, kuma kowannensu yana da iyaye a gida da suka saba ganin na ɗaya a takardarsa. Wani masanin halayyar ɗalibai mai suna Herbert Marsh ya fara bayyana tun a 1984 cewa yara biyu masu ƙoƙari daidai wa daida, wanda yake makarantar da ta tara haziƙai ya fi raina ƙwazon kansa a kan wanda yake makarantar da ba ta kai haka ba, saboda yaro da na kusa da shi yake gwada kansa. Ɗanki bai rasa basirar da yake da ita bara ba, waɗanda ake gwada shi da su ne suka sauya.

Yanzu ki sake duba jerin makin da kika turo mini, domin akwai bayani a cikinsa wanda nake ganin ya wuce ku duka. Bayoloji 66, Turanci 63, Kemistiri 58, Fiziks 51, Lissafi 48. Gwargwadon yawan lissafin da ke cikin darasi, gwargwadon saukar makinsa. Rago ba ya zaɓen darasi irin haka, yakan zube ne ta ko'ina. A ƙaramar sakandare kimiyya darasi ɗaya ce dunƙule, mafi yawanta bayani ne da yaro mai kaifin hadda zai iya riƙewa ya zuba a takarda ya ci maki mai yawa. Da an shiga babbar sakandare sai ta rabu uku, Fiziks da babban ɓangare na Kemistiri kuwa a kan Lissafi suke tsaye. Zatona mai ƙarfi shi ne matsalar ɗanki guda ɗaya ce, giɓi ne a tushen Lissafi da ya taho da shi daga baya ba tare da kowa ya lura ba, tunda na ɗaya yake zuwa. Galibi giɓin yana wajen lissafin gutsure irin su rabi da sulusi da rubu'i, da lambobi masu alamar ragi, da aljabra, da juya fomula a fitar da abin da ake nema. Yaron da hannunsa bai faɗa a waɗannan ba zai fahimci bayanin malamin Fiziks sarai, amma da ya zo warware tambaya sai ya maƙale a layi na biyu. Idan haka ne, malamin lesin da yake maimaita masa duk darussan makaranta kowace rana yana cin lokacinsa da kuɗin mahaifinsa ne a inda ciwon ba ya nan. Abin da yake buƙata a wannan dogon hutu shi ne malamin Lissafi mai haƙuri, wanda ba zai ji nauyin komawa da shi littafin aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare ba, awa ɗaya da safe, kwana huɗu ko biyar a mako.

Sai babbar tambaya, wadda amsarta ce za ta raba gardamarku: wane irin tsanani ne makarantar take yi? Akwai makarantar da take matse maki don ta koyar. Malamanta, waɗanda wasunsu sukan je aikin duba takardun WAEC ko NECO, suna duba takardun ɗalibansu da irin ƙa'idar can, inda a Lissafi ake ba da maki ga matakan da aka bi da kuma amsar ƙarshe, a Fiziks kuma ake rage wa wanda ya manta rubuta ma'aunin amsarsa. Irin wannan makaranta tana dawo wa yaro da takardarsa da jan biro a daidai inda ya yi kuskure, malami ya warware tambayoyin a allo, a sa yaro ya sake yi, a ware wa waɗanda suke baya lokaci na musamman. Maki 48 a irin wannan wuri yana da daraja, kuma sau da yawa ɗalibanta sukan tarar da jarrabawar ƙarshe ta fi ta makaranta sauƙi. Akwai kuma makarantar da take matse maki don ta kare sunanta. Jarinta shi ne tallar da take yi cewa duk ɗalibanta sun ci jarrabawa, hanya mafi sauƙi ta tabbatar da hakan kuwa ita ce a zubar da duk wanda ake shakka a kansa kafin aji uku, ko a ƙi yi masa rajista da sunan makarantar. A nan yaro lamba kawai yake gani, ba ya ganin takardarsa, bai san inda makinsa ya zube ba, sai tsoro ya maye gurbin koyarwa. Dukkansu biyun ana kiransu makarantu masu tsanani, dukkansu suna da tsada, iyaye kuma ba su cika bambance su ba saboda muna da wata fahimta cewa duk inda yaro yake shan wuya, can ne ake karatu.

Kiran sunayen na ƙarshe a taron safe bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina a kansa ba: tozarci ne, ba ya koya wa yaro ko tambaya ɗaya, abin da yake koya masa shi ne ya daina ɗaga hannu a aji don kada a san bai gane ba. Duk da haka ba zan yanke wa makarantar hukunci da wannan kaɗai ba, domin akwai makarantu masu malamai nagari da suka gaji wannan ɗabi'a ba tare da sun taɓa tsayawa sun yi tunani a kanta ba.

Hanyar ganewa ita ce ku je da kanku, kuma ya fi kyau mahaifinsa ya jagoranci tafiyar, saboda abin da ya gani da idonsa zai fi kama shi a kan abin da kika ba shi labari. Kada ku jira taron iyaye da malamai inda ake hayaniyar kuɗin mota da na gini. Ku nemi zama da malamin ajinsa da malamin Lissafi, cikin girmamawa, a matsayin iyayen da suka zo neman yadda za su taimaka, domin malamin da ya ji an zo tuhumarsa kare kansa zai yi. Ku roƙi a nuna muku takardun jarrabawarsa na zango biyu da aka duba. Ku tambayi matsakaicin makin ajin a Lissafi da Fiziks da kuma maki mafi yawa, tunda 48 a ajin da matsakaicinsa 52 ne daban yake da 48 a ajin da matsakaicinsa 75 ne. Ku tambayi yadda aka raba maki tsakanin gwajin cikin zango da jarrabawar ƙarshe, domin yaron da yake ci a gwaji ya zube a jarrabawa tsoro ko ƙarancin lokaci ne yake kayar da shi. Ku tambayi abin da makarantar take yi wa 'yan bayan aji ban da kiran sunayensu, da ɗalibai nawa suka fara aji ɗaya shekara biyu da suka wuce, nawa ne daga cikinsu suka zauna jarrabawar ƙarshe da sunanta, da kuma irin makin da take tura wa hukumomin jarrabawa. Malamin da ya san ɗanki zai ce muku a wuri kaza yake tuntuɓe. Idan duk abin da kuka samu shi ne “ya ƙara ƙoƙari”, aka kuma hana ku ganin takardu, to wannan ma amsa ce.

Bayan haka ku yi masa awo na waje. Ana sayar da littattafan tambayoyin WAEC na shekarun baya a shagunan littattafai na cikin gari. Ku nemi malami daga wata makarantar, wanda bai san yaron ba kuma ba ya neman ku ɗauke shi lesin, ya zaɓo tambayoyin da suka dace da manhajar aji ɗaya a Lissafi da Fiziks da Kemistiri, a ba yaron lokaci ƙayyadadde da safe bayan ya yi barci ya karya, sannan malamin ya duba ya zauna da shi a kan kurakuran. Kada mahaifinsa ya tsaya a kansa, kada kuma a gaya masa cewa makomarsa ta rataya a kan wannan gwaji. Idan ya ci sosai, kun san makarantar ce take da ƙunci wajen maki ko kuma tsoro ne yake ɗaure shi a can. Idan ya sake samun abin da ya saba samu, kun san makin gaskiya ne, kuma komawa tsohuwar makaranta zai ɓoye giɓin ne kawai har ranar da WAEC za ta tona shi.

Duk wannan aikin makonni ne, amma maganar barci ta daren yau ce. Likitocin da suka ƙware a harkar barci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane yini. Yaron da yake kwanciya ƙarfe ɗaya ya tashi sallar asuba awa huɗu yake samu, ko ƙasa da haka, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. Awannin da yake ƙarawa a tsakar dare yana biyansu ne da gyangyaɗi a ajin safe, inda ake koyar da ainihin abin da za a tambaye shi. A kashe fitila ƙarfe goma, in da hali a ba shi ɗan barcin rana. Yadda yake karatun ma yana buƙatar gyara, kuma ba sai an je nesa neman misali ba, domin duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa hadda ba ta zama da kallon allo, sai an kife shi an karanto da ka, an kuma riƙa tishi bayan kwana ɗaya da bayan mako. Karatun boko ma haka yake: ya rufe littafi ya rubuto abin da ya tuna, ya duba abin da ya manta, ya koma kansa bayan kwana biyu. Lissafi kuwa ba a karanta shi da ido, tambaya goma da ya warware da biro ta fi awa uku na kallon misalan malami. A mayar masa da ƙwallonsa ko da sau biyu ne a mako. Waya kam ina bayan mahaifinsa a kan kada ta kwana a ɗakinsa, Islamiyya kuma ba ita za a taɓa ba, sai dai a yi magana da malaminsa ya sassauta masa hadda a makonnin jarrabawa.

Ciwon kan da ramar kada a bar su a hannun mai kemis. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Ƙwararru na jiha a duba jininsa a kuma gwada idonsa, domin yara da yawa suna fama da ciwon kai da kuskuren kwafe daga allo saboda suna buƙatar tabarau ba wanda ya sani. Ki lura da abin da yake sha don hana kansa barci, ko kofi ne, ko lemukan ƙara kuzari, ko wata ƙwaya da aboki ya ba shi, tunda ta wannan ƙofar wasu yaran kirki suka faɗa shaye-shaye. Ki gaya wa likita maganar da kika ji ya faɗa wa ƙanwarsa kamar yadda ya faɗe ta. Idan kika ga ya janye daga mutane, abin da yake so a da ya daina burge shi, yana kuka a ɓoye, har hakan ya kai mako biyu, ki nemi a haɗa ku da likitan da yake duba damuwa, ba abin kunya ba ne. Idan kuwa ya taɓa furta cewa gara ba ya raye, ko ya gaji da duniya, a ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai. A haɗa da addu'a, amma kada a tsaya a kanta kaɗai.

Maigidanki ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da tushe. A 2025 kusan ɗalibai miliyan biyu ne suka zauna JAMB, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su kai maki 200 ba. Uban da ya san haka, yake kuma tauye kansa don biyan kuɗin makaranta, ba abin mamaki ba ne ya matsa. Kada ki tunkare shi da cewa ya yi kuskure, kuma kada ki yi maganar a gaban yara. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da yaba ɗawainiyarsa, sannan ki nuna masa jerin makin nan yadda na nuna miki, domin mutum ya fi saurin karɓar lissafi a kan ƙorafi. Idan ya ce wuya ce take gyara yaro, ki tuna masa da Abdullahi ɗan Amr, Allah ya yarda da shi, wanda yake azumi kullum yana raya dare, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. Idan an faɗi haka a kan ibada, to ina ga Fiziks? In kin san maganarki ba za ta shige shi ba, ki bi ta wajen wanda yake jin nauyinsa, ko yayansa, ko mahaifiyarsa, ko wani amininsa malamin makaranta.

Kalmar “kuɗin Abba nake ɓatawa” ba daga sama yaron ya samo ta ba, ya ji ana lissafin kuɗin a gabansa, ko cikin faɗa ko cikin hira. A daina. Mahaifinsa ne kaɗai zai iya sauke masa wannan kaya, ta hanyar gaya masa da bakinsa cewa biyan kuɗin makaranta nauyin uba ne, ba bashi ba ne a wuyan ɗa. Ke ma akwai naki. Na san kara da kunyar ɗan fari a gidajenmu, musamman gidajen Fulani, inda uwa ba ta kiran sunansa balle ta yabe shi a fuskarsa, kuma ba ina cewa ki yar da al'ada ba. Amma yaron da makaranta take kiran sunansa cikin na ƙarshe, mahaifinsa yake kiransa rago, idan uwa ma ta yi shiru, shirun nata zai ɗauka ta yarda da su. Ki sami hanyarki, ko ki zauna kusa da shi lokacin da yake cin abinci, ko ki ce masa kin ga Bayolojinsa kin ji daɗi, in kuma bakinki ya yi nauyi ki sa kawunsa ko goggonsa su riƙa jansa da hira.

A kan likitanci, ban ga dalilin rufe ƙofar ba, ban kuma ga dalilin kulle shi a ciki ba. Mai neman wannan kwas yana rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a JAMB, yana buƙatar kiredit a Lissafi, jami'o'i da yawa kuma suna son kiredit biyar ɗin a zama ɗaya. Gurbin kaɗan ne, kowace shekara ana barin masu maki mai yawa a waje, duk da ƙarin da aka samu a yankinmu irin Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Karatun shekara shida ne na jarrabawa a kan jarrabawa, wanda ya shiga don faranta wa wani rai yakan sha wuya ƙwarai. Akwai haɗa magunguna, da aikin jinya, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton cikin jiki, dukkansu sana'o'i ne masu mutunci. A wasiƙarki kin gaya mini burin mahaifinsa, ba ki gaya mini na yaron ba, kuma ina zaton ba a taɓa tambayarsa ba.

Idan sakamakon zango na uku ya fito ya haye, kuma ganawarku ta nuna makarantar tana koyarwa, ku bar shi ya shiga aji biyu da gyararren Lissafi da isasshen barci, ku sake zama a watan Disamba. A lokacin kada ku dubi na nawa ya zo, ku dubi ko makin Lissafi da Fiziks ya motsa sama, ko ciwon kan ya tafi, ko ya dawo yana hira da ƙannensa. Idan aka ce ya maimaita aji, shekarunsa ba su ƙure ba, tunda 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a kuma ba a kafa iyaka ta sama ba, sai dai ni ba zan so ya maimaita a wurin da ake kiran sunansa gaban ƙannen ajinsa ba, gara ya ci gaba a wata makarantar. Idan sauyin ya zama dole, a yi shi kafin aji uku, domin a wannan ajin rajistar jarrabawa da makin gwaje-gwajen baya suna sa sauya makaranta ya yi wuya. Kuma ba lallai tsohuwar makarantarsa ba, tunda a can ne giɓin ya ɓuya shekara uku ba a gani ba. Ku nemi wadda take da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ake aiki da shi, da malamin Lissafi da ya daɗe a wurin, wadda take mayar wa ɗalibai takardunsu. Ku guji wadda za ta yi muku alkawarin kiredit tara tun kafin ta ga yaron, domin an san yadda ake samar da irin wannan sakamako, kuma ranar JAMB shi kaɗai zai zauna gaban kwamfuta da tambayoyi 180 cikin awa biyu. Ko wace shawara kuka yanke, mahaifinsa ne ya kamata ya sanar da shi, ya kuma bayyana masa cewa an yi ta ne bayan an duba takardunsa an ga inda gyara yake. Ki sake rubuto mini bayan kun gana da malaman, ki haɗo da matsakaicin makin ajin da abin da malamin waje ya samu.